Shirya Tsuran Ƙarfe da Fesa Firaima a Gyaran Jikin Mota: Jagora ga Garejojin Hajj Yusuf

Unguwar Hajj Yusuf tana gabas da Shuɗin Nilu, cikin ƙaramar hukumar Sharƙ al-Nil ta jihar Khartum, kuma tana daga cikin wuraren da Hausawan Sudan suke zaune, wato zuriyar mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka da ta waɗanda suka yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Zirga-zirgar mutanenta tsakanin Suƙ Sitta da Bahri da tsakiyar Khartum da Omdurman ta dogara ne kan ƙananan motocin haya, irin su Amjad da Hiace da a-kori-kurar Hilux da ake kira boksi, da kuma raksha mai ƙafa uku. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya bar motoci masu ɗimbin yawa yashe a tituna da cikin gidaje, wasu da hujin harsashi, wasu sun ƙone, wasu kuma damina biyu ta bi ta kansu babu gilashi, saboda haka tun da sojoji suka sake karɓe yankin a farkon 2025 aikin samkari, wato mai gyaran jikin mota da ake kira fanibita a Kano, ya zama abin buƙata ƙwarai. A cikin wannan aiki duka babu matakin da ya kai muhimmancin 'yan sa'o'in da ke tsakanin kankare ƙarfe ya fito fili da rufe shi da shafin farko, wato firaima, domin a nan ne ake yanke hukuncin ko fenti zai yi shekara goma ko zai kumbura kafin damina ta zagayo.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa tsatsa matsalar ƙasashe masu laima ce, tun da ruwan da ke sauka a Khartum bai kai milimita 200 a shekara ba, kuma mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba yake zuba. Sai dai wannan ɗan ruwan yakan zo ne a dunƙule, ya kwanta a unguwannin da magudanansu ba su wadata ba, kamar yadda aka gani a ambaliyar Agustan 1988 da ta Agustan 2013 wadda ta yi wa Sharƙ al-Nil mummunar ɓarna. Taɓon da ya shiga dokin ƙofa da cikin modigad yana riƙe danshi makonni bayan titi ya bushe. Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin, gishiri kuma yana hanzarta ta, kuma da yake jikinta sakayau ne mai ƙofofi, ba ta kare abin da ke ƙarƙashinta, sai ma ta riƙe danshi ta ci gaba da ci tana kumbura har ta ɗaga fentin da ke samanta. A masana'anta ana kare jikin mota ta hanyar tsoma shi gaba ɗaya cikin ruwan fosfet, sannan cikin fentin da wutar lantarki ke manna wa ƙarfe, a gasa shi a zafin da ya kusa digiri 180 a ma'aunin Salshiyas, kuma babu garejin da zai iya maimaita wannan. Dalili ke nan da ya sa usta, wato babban gwanin gareji, mai hankali ba ya kankare shafin masana'anta a inda yake da lafiya, sai inda tsatsa ko tsagewa ko tsohon gyara suka tilasta masa.

Aikin yana farawa da bincike. Ana bin jikin motar da ƙaramin maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an san akwai tarin ma'ajun, wato ƙullun cike lotsawa da ake kira bodi fila, sannan a dudduba ƙasan ƙofofi da bakin gilashi da daɓen mota da tsinin basilla, duk inda ya lotsa ko ya huje a yi masa alama da alli. Motar da ta daɗe a wurin da aka gwabza faɗa ba a taɓa ta da wutar walda ko injin gurza sai an tabbatar babu harsashi ko wani abin fashewa a cikinta, idan kuwa an ga abin da ba a gane ba sai a ja da baya a kira hukuma. Wadda ta ƙone tana da hukunci na dabam. Wuta tana cinye tutiyar da aka lulluɓe ƙarfen da ita, robar wayoyi da ta kujeru kuma idan ta ƙone takan fitar da hayaƙi mai asid wanda ke barin gishirin kuloraid a jikin ƙarfe, shi ya sa irin wannan mota take yin ja cikin 'yan kwanaki. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ginshiƙan ƙofa da shasi na motocin zamani, waɗanda ake yi da ƙarfe mai tauri na musamman, suna rasa ƙarfinsu idan suka yi jawur, kuma babu firaimar da za ta mayar musu da shi. Gyara irin wannan mota a sa ta ɗaukar fasinja ganganci ne da rayukan mutane.

Kafin sanfefa ta taɓa jikin mota, wato takardar gurza da ake kira sanfara a Sudan, dole ne a wanke shi da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe, sannan a goge shi da sinadarin cire maiƙo. Masu gaggawa suna tsallake wannan mataki bisa zaton cewa gurza za ta kwashe komai, alhali gurzar tura maiƙo da man ƙyalli take yi cikin zanen da ta yi wa ƙarfen, daga baya su fito a fenti a matsayin ƙananan ramuka masu kama da ido. Ruwa da sabulu suna tafiya da gishiri da taɓo, sinadarin kuma yana narkar da gris da kwalta da silikon, kuma ɗayansu ba ya yin aikin ɗaya.

Wajen cire tsohon fenti, abin da ya kamata mai aiki ya riƙa tunawa shi ne ƙarfen ƙofa ko bonet bai kai kaurin milimita ɗaya ba. Lambar da ke bayan sanfefa tana nuna girman tsakuwarta, ƙaramar lamba kaushi, babba laushi, kuma lamba 80 a kan injin gurza mai karkaɗawa ita ce daidai ga yawancin aikin. Giranda mai faifan dutse ko sanfefa lamba 36 tana da sauri, amma tana rage kaurin ƙarfen, tana barin zane mai zurfi, tana kuma ɗumama wuri ɗaya har ya canza launi zuwa shuɗi, wanda alama ce cewa ƙarfen ya miƙe kuma zai yi tudu da kwari. Ana guje wa haka ta hanyar yawo da injin ba tare da dannawa ba, a riƙa taɓa wurin da bayan hannu, idan ya fi ƙarfin taɓawa a koma wani gefe. Akwai kuma sinadarin narkar da fenti, wanda ba ya rage ƙarfe, sai dai yana maƙalewa a haɗin ƙarafa ya tsattsafo daga baya ya lalata sabon aiki, don haka ake rufe haɗe-haɗen da tef kafin a shafa shi, a kuma wanke wurin sosai bayan an kankare. Hanya ta uku ita ce feshin yashi da iska mai ƙarfi, wadda ta fi kowace shiga lungu da ramukan tsatsa, kuma yawan yashi a bakin Nilu yana sa mutane kwaɗayinta. Ƙurar yashi tana ɗauke da silika da ke haddasa ciwon huhu marar magani, abin da ya sa Biritaniya ta hana irin wannan feshi tun tsakiyar ƙarni na ashirin, sannan ƙarfin feshin yana lanƙwasa faffaɗan wuri kamar rufi da bonet. Idan ya zama tilas, a taƙaita shi ga shasi da ƙasan mota, a nemi tsakuwar feshi marar silika, a kuma rufe fuska da abin da ya dace.

Tsatsa hawa uku ce, kuma kowace da maganinta. Ta sama-sama tana fita da sanfefa. Wadda ta yi ramuka tana buƙatar buroshin waya ko feshi har sai an daina ganin baƙin ɗigo a gindin ramin, domin wannan baƙin shi ne irin da zai sake tsirowa. Wadda ta huda ƙarfe kuwa ba ta da magani sai yanka: a yanke har inda ƙarfe yake fari da cikakken kauri, a yanko sabon ƙarfe daidai wurin, a haɗa baki da baki ba tare da ɗora wani kan wani ba, a yi walda ɗigo-ɗigo ana tsallakawa ana barin wurin ya huce. Haka ake yi wa hujin harsashi bayan an daddale bakinsa da ya tanƙware. Cusa tsumma ko ragar waya a rami a rufe da ma'ajun ha'inci ne, domin danshi zai shigo ta baya, tsatsa ta riƙa aiki a ɓoye kamar gara a cikin azara, waje lafiya ciki ya ƙare. A inda aka yi waldar kabaid ko likin tagulla, dole a gurje ɓawon wuta da ragowar hodar liki har ƙarfe ya yi haske, saboda ragowar tana jan danshi kuma firaima ba ta kama ta.

Game da wanke tsatsa da asid akwai kuskuren da ya yaɗu. Asid ɗin fosforik, wanda ake sayarwa a matsayin maganin tsatsa, yana narkar da ita ya bar siririn shafin fosfet mai launin toka, kuma yana da amfani a ramukan da sanfefa ba ta kaiwa, muddin ba a bar shi ya bushe da kansa ba, aka wanke shi tun yana jiƙe, aka busar da wurin nan take da iska, aka sake bin sa da sanfefa. Ragowar asid tana hana firaimar efoksi kamawa, har wasu kamfanonin fenti sun hana haɗa su gaba ɗaya. Ruwan batir da asid mai ƙarfi da ake kira moyat nar ba su da gurbi a wannan aiki ko kaɗan, domin ko da sun sa ƙarfe ya yi fari fat cikin minti ɗaya, gishirin da suke bari a ramuka yana dawo da tsatsa fiye da yadda take a da.

Idan ƙarfe ya fito tas, ana yi masa gurzar ƙarshe da lamba 80 zuwa 180 domin ya sami kaushin da firaima za ta riƙe, a hure ƙurar, sannan a goge da sinadarin cire maiƙo ta hanyar tsumma biyu: ɗaya jiƙaƙƙe yana narkar da datti, ɗaya busasshe yana bin sa yana kwashewa kafin sinadarin ya bushe, ɗan wuri bayan ɗan wuri, ana juya tsumman zuwa gefe mai tsabta. Fetur da gas ba sa maye gurbin wannan sinadari, saboda su kansu maiƙo suke bari. Daga wannan lokaci hannu ba ya sake taɓa ƙarfen sai da safar roba, domin gumi ruwa ne da gishiri, kuma duk wanda ya taɓa barin ƙofa tsirara ta kwana ya san yadda shatin yatsu biyar yake bayyana ja da safe. Iskar kwamfuresa ma abin zargi ce: ana buɗe ƙasan tankin kullum a zubar da ruwan da ya taru, a sa matatar ruwa da mai kusa da bindigar feshi, a gwada ta hanyar hura iska kan farar takarda a ga ko za ta yi tabo. Ƙa'idar ita ce kada a kankare fiye da abin da za a iya rufewa a wannan rana. Da rani busasshiyar iskar Khartum tana ɗan ba da sarari, amma a Agusta sa'o'i kaɗan sun isa ƙarfe ya fara yin ja, kuma wanda ke aiki a Port Sudan, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri da laima, ba shi da ko wannan sararin.

Firaima, wadda ake kira asas a garejojin Sudan, ita ce shafin da ke manne wa ƙarfe ya zama matashi ga duk abin da zai hau samansa, kuma ire-irenta ba aiki ɗaya suke yi ba. Mafi araha ita ce mai gwangwani ɗaya da ake sirkawa da tina kawai, tana bushewa da sauri, tana da daɗin gurza, amma tana shan ruwa kuma tana tsukewa bayan watanni har zanen sanfefa ya bayyana a fenti. Jan shafin da ake yi wa ƙofofin gida da tagogi ba na mota ba ne, tinar fentin mota takan tayar da shi ya yamutse. Firaima mai asid, wadda aka ƙirƙiro a Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu, tana ɗan cin fuskar ƙarfe ta maƙale, ana fesa ta siririya ƙwarai har ana hango ƙarfen ta cikinta, ta dace da ƙananan wurare da aikin gaggawa, sai dai ba ta tare danshi ita kaɗai kuma ba a ɗora ma'ajun a kanta. Efoksi kuwa gwangwani biyu ce, ƙaro da hadina, wato sinadarin da ke sa shi daskarewa, kuma idan suka haɗu sukan zama fata mai tauri wadda ruwa ba ya ratsawa, mai kama ƙarfe da tutiya da alminiyam. Ga motar da aka tuɓe har ƙarfe kuma za ta yi makonni a gareji ana jiran kayan gyara ko kuɗin mai ita, efoksi ita ce zaɓin da ya dace, kuma tsadarta ba ta kai ta sake aikin daga farko ba.

Al'adar da ta fi yawa a garejoji ita ce a shafa ma'ajun kai tsaye kan tsuran ƙarfe, kuma gaskiya ne cewa yana kamawa. Matsalarsa ita ce ma'ajun na foliyesta yana tsotsar ruwa, don haka idan fenti ya tsage ko danshi ya biyo ta wani ƙaramin huji daga baya, babu abin da ke tsakaninsa da ƙarfen. Hanyar da ta fi ƙarko ita ce efoksi tukuna, ta kwana, sannan ma'ajun a kanta, sannan wata efoksi ta rufe shi tare da duk inda gurza ta sake tono ƙarfe. Ana kwaɓa ma'ajun da hadina kashi 2 zuwa 3 cikin 100, a kan faranti mai tsabta maimakon kwali mai tsotsewa, ana murzawa da lebur don kada iska ta shiga, kuma kaurinsa bai kamata ya wuce milimita 3 ba, abin da ya fi haka aikin guduma ne da ba a gama ba. Ba a gurza shi da ruwa.

Alƙaluman da ke jikin gwangwani da takardar bayanin kamfani an auna su ne a zafin digiri 20, alhali a Mayu da Yuni zafin Khartum yana wuce digiri 40 a inuwa, ƙarfen da ke rana kuma yakan kai 70. Bisa ƙiyasin da masu sana'ar suka saba da shi, duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin lokacin da haɗin zai zauna a kofi kafin ya daskare, wanda ke nufin haɗin da aka rubuta zai yi sa'o'i huɗu yana iya mutuwa cikin sa'a ɗaya. Maganin wannan shi ne a kwaɓa kaɗan-kaɗan, a nemi tina da hadina masu jinkirin bushewa, a ajiye gwangwanaye a wuri mai sanyi, kuma kada a rage hadina da nufin jinkirta bushewa, domin efoksi da ba ta sami cikakken rabonta ba ba za ta taɓa yin tauri ba. Rabon yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wani ɗaya da ɗaya, wani biyu da ɗaya, wani huɗu da ɗaya, ana auna shi da kofi mai alama ba da ido ba, kuma wasu nau'o'in suna buƙatar a bar haɗin ya zauna mintuna 15 zuwa 30 kafin a tace shi a zuba a bindiga. A wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas, ba a kwaɓawa sai janareta yana tsaye da mansa.

Bakin bindiga milimita 1.3 zuwa 1.5 ya dace da efoksi, da ƙarfin iska wajen 2 a ma'aunin bar, tazara kuma santimita 15 zuwa 20. Ana fara bin gefuna da lunguna, sannan faffaɗan wuri, hannu yana tafiya a miƙe ba tare da lanƙwasa wuyansa ba, kowane layi yana hawa rabin wanda ya gabace shi. Shafi biyu jiƙaƙƙu sun wadatar, da hutun mintuna 10 zuwa 15 a tsakani har ƙyallin danshi ya dushe. Idan aka nisanta bindiga ko aka fesa kan ƙarfe mai zafi, ɗigon yana bushewa tun yana iska ya sauka kamar gari, ya ba da shafi mai kaushi wanda bai manne ba, kuma wannan ita ce illar da ta fi yawa a ƙasa mai zafi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan asuba zuwa hantsi, a inuwa, kafin iska ta taso. Ana yayyafa wa ƙasa ruwa don kwantar da ƙura ba tare da ya fallatsa wa motar ba, a kewaye wurin da leda ko tamfol, idan kuwa aka hango jan hadarin habub, guguwar ƙurar da ta fi yawa daga Mayu zuwa Satumba, sai a rufe gwangwani a dakata. Da damina akwai ƙarin sharaɗi, wato ƙarfen ya fi ma'aunin saukar raɓa ɗumi da aƙalla digiri 3, wanda a aikace yake nufin kada a fesa da sanyin safiyar da ta biyo bayan ruwa sai ƙarfen ya ɗan ɗumama.

Efoksi tana da wa'adin 'yan kwanaki, wanda kamfani ke faɗa, da shafi na gaba zai kama ta ba tare da gurza ba, idan ya wuce sai an bi ta da lamba 180 zuwa 240. A kanta ake fesa firaima mai kauri ta yuretan da bindiga mai faɗin baki, a yayyafa baƙin fenti sama-sama don ya nuna kwari, a gurza da dogon katako mai sanfefa daga 180 zuwa 320 zuwa 400 ko 500. Bayan ƙarfen kuma yana da haƙƙi daidai da gabansa: a fesa wa bayan kowace walda efoksi, a bi haɗe-haɗe da mannin toshe kafa a kan firaimar, a buɗe ƙofofin tsiyayar ruwa da ke ƙasan ƙofa, bayan fenti kuma a fesa kakin hana tsatsa cikin dokin ƙofa da ginshiƙai.

Lafiyar mai aikin ba ƙaramin sashe ba ce na wannan jagora. Hadinar yuretan tana ɗauke da sinadarin aisosayanet mai haddasa asma wadda ba ta barin mutum, efoksi tana sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje, ƙurar tsohon fenti tana iya ƙunsar dalma, hayaƙin waldar ƙarfe mai tutiya kuma yana kawo zazzaɓi. Rawani ko ƙyallen da aka naɗa a hanci ba ya tare tururin sinadari, kuma shan madara bayan feshi, wanda ya zama al'ada a garejoji da dama, ba ya wanke huhu. Abin da ake buƙata shi ne takunkumi mai matatar gawayi da ake sauyawa a kan kari, ko mai kawo iska daga waje ga wanda ke fesa yuretan kullum, tare da safar hannu da tabarau, kuma nauyin samar da su ga yara masu koyo yana wuyan usta. Shi ma mai mota yana da rawar da zai taka, domin shi ne yake matsa lamba a gama cikin kwana uku a kan farashi mafi ƙasa. Ya je gareji ranar da aka tuɓe motar ya ga ƙarfen da idonsa kafin a rufe, ya nemi a nuna masa gwangwanin efoksi da hadinarta, ya kuma amince da ƙarin kwanakin da bushewa take buƙata.